Farcen roba don kaɗa jita: abin da na samu a wani shagon gyaran farce a Kaduna

Shekara tara ke nan ina kaɗa jita da yatsu, ba da ɗan mabugin roban nan da yawancin makaɗa ke riƙewa ba, kuma duk wanda ya bi wannan hanya ya san cewa rabin sautinsa a bakin farcensa yake. Babban yatsa ne ke tafiyar da tsirkiyoyi masu kauri, manuniya da yatsan tsakiya da na zobe kuma su ke ɗauke da karin waƙa, don haka idan farce ɗaya ya karye sai tsirkiya ɗaya ta dusashe a cikin 'yan'uwanta, kamar mai mura a cikin 'yan amshi. Nawa faratan ba su da ƙwari tun asali, ga tsirkiyar ƙarfe tana cin su kullum, idan hunturu ya shigo kuma sai su bushe su riƙa ɓarewa. A Disambar bara, saura kwana goma in kaɗa a taron Kirsimeti na majami'armu, farcen yatsana na tsakiya ya karye har kusa da tsoka ina ƙoƙarin buɗe bonet ɗin mota. Farcen hannu yana tsiro kimanin milimita 3 ne a wata, saboda haka jira ba zai fisshe ni ba. Abin da ya kai ni shagon gyaran farce ke nan, a karo na farko a rayuwata.

Shagon yana cikin wani rukunin shaguna a kudancin garin, teburi uku da kujerar wankin ƙafa biyu, kuma ni kaɗai ne namiji a ciki. Na shiga da jitata a rataye, sai hira ta tsaya cak. Mu da muka saba da mai yankan farce da ke bin layi yana kaɗa almakashi, ba mu saba zama a gaban madubi muna miƙa hannu kamar amarya a gaban mai lalle ba. Yarinyar da ta karɓe ni ta ce, "Oga, madam za a yi wa ne?" Na ce mata, "A'a, ƙanwata, ni za a yi wa, kuma yatsa huɗu kawai, na hannun dama." Ta dubi hannun hagu, wanda na yanke faratansa ƙasa-ƙasa domin danna tsirkiya, ta dubi na dama, sai ta yi dariya ta ce in zauna. Wannan shi ne yabo na farko da zan yi musu: da na fito da jitar na nuna mata yadda tsirkiya ke zamewa daga fatar yatsa zuwa bakin farce, ta daina dariya ta saurara, har ta sa na maimaita sau uku tana leƙen hannuna ta ƙasa.

Ta ba ni zaɓi biyu. Akwai jel, wanda ake shafawa a sa hannu cikin fitila ya daskare, akwai kuma akrilik, wanda ake haɗa wani ruwa mai wari da farin gari, ya daskare da kansa cikin 'yan mintoci. Na zaɓi akrilik domin ya fi tauri, kuma tsirkiyar ƙarfe ba ta san rangwame ba. Asalin wannan haɗi daga wajen likitocin haƙori ya fito: wani likitan haƙori a Amurka, Fred Slack, shi ne a shekarun 1950 ya karya farcensa a wurin aiki ya gyara shi da kayan cike haƙori. Ta so ta manna mini dogayen faratan leda irin waɗanda ake sa wa mata kafin a shafe su, na ƙi, domin gam ne kawai ke riƙe da su kuma lanƙwasarsu tana kama tsirkiya. Muka daidaita cewa za ta shafa akrilik kai tsaye a kan faratan nan uku masu lafiya, wanda ya karye kuma ta sa wata 'yar takarda mai gam a ƙarƙashinsa ta gina masa baki a kai.

Na tambaye ta ta nuna mini kwalbar ruwan, kuma ina ba kowa shawarar ya yi haka. Iri biyu ne ke yawo a kasuwa. Wanda aka rubuta EMA a jikinsa shi ne na sana'ar farce, MMA kuwa ya fi araha amma yana daskarewa kamar dutse, ba ya narkewa da sauƙi wajen cirewa, kuma tun shekarun 1970 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta ɗauki mataki a kansa saboda illar da yake yi wa fata da farce. Nata EMA ne, aƙalla abin da ke rubuce ke nan.

Kuskuren da ya fi yi mini ciwo ya faru ne tun kafin a ɗora komai. Dole ne a ɗan kankare ƙyallin saman farce domin akrilik ya kama, kuma ɗan magagarin hannu mai laushi ya isa yin haka. Ita kuwa na'urar lantarki ta ɗauko, mai juyawa kamar ta likitan haƙori, ta bi faratan da ita da sauri, har na ji zafi ya ratsa manuniyata na janye hannu. A lokacin ban san iya ɓarnar ba, sai bayan da aka cire akrilik ɗin. Haka nan ta ɗauko ɗan almakashin yanke fatar gindin farce daga cikin kwando ɗaya da na ga an yi wa wata mata aiki da kayansa, ba tare da na ga an tsoma shi cikin komai ba. Na hana ta yanke fatar gaba ɗaya. Ciwon hanta nau'in B yana bin jini, kuma ƙarfe mai kaifi da ke yawo daga hannu zuwa hannu ba abin wasa ba ne, ko a shago mai na'urar sanyaya ɗaki ko a bakin titi.

Ɗora akrilik ɗin kansa ta iya shi, ba ƙarya. Takan tsoma buroshi cikin ruwan, ta taɓa garin ya dunƙule kamar ƙwayar dawa, ta ajiye a kan farce ta baje shi da saurin da ke nuna hannunta ya saba. Matsalar ita ce hannun ya saba da kwalliya. Ta yi wa faratan tudu a tsakiya, ta bar baki mai kauri, ta zagaye su yadda za su yi kyau a hoto. Da na gwada a jita, sai na ji ƙas-ƙas kafin kowane sauti, kamar ana buga cokali a kan faranti. A nan ne zuwa da jitar ya biya ni. Abin da makaɗi ke bukata shi ne farce ya zarce tsokar yatsa da milimita 1 zuwa 2 idan an dube shi ta tafin hannu, bakinsa ya zama siriri, kuma ya karkata kamar gangare daga gefen da tsirkiya ke fara taɓawa zuwa inda take sauka. Ƙasan bakin farcen, inda ba wanda ke gani, shi ne wurin da tsirkiya ke bi, kuma shi ne wurin da masu gyaran farce ba su saba taɓawa ba. Mun ɗauki kusan minti arba'in a kan wannan kaɗai: ta goge, in kaɗa, in ce a rage nan, ta sake gogewa. Ana cikin haka aka ɗauke wuta, kafin a tayar da janareta ta koma magagarin hannu, kuma aikin da ta yi da shi ya fi na na'urar kyau nesa ba kusa ba. Ba ta nuna gajiya ba, ba ta kuma ƙara mini ko sisi a kan rabin kuɗin cikakken hannu biyu da muka yi ciniki tun farko ba, ko da yake na ci lokacin mutum biyu. Santsin ƙarshe a gida na yi shi da samfefa mai laushi ƙwarai, irin wadda masu fentin mota ke jiƙawa da ruwa, domin shagon ba su da mai laushin da ya kai.

Sautin da na samu ya wuce abin da na zata. Ya fi ƙarfi, ya fi tsabta, kuma yatsu uku sun daidaita yadda ban taɓa jin su ba. Babban yatsa ya fi kowa amfana, domin tsirkiyoyi masu kauri sun fito fili ba tare da na matsa musu ba. Sai dai an rasa wani abu: ɗumin nan da fata ke bayarwa ya ragu, kuma a jita mai tsirkiyar leda sautin ya yi mini kaifi fiye da kima. Kwana uku na yi ina kuskuren tsirkiya, domin yatsa ba ya jin inda farcen da ba nasa ba ya ƙare. Wannan muhawara ta farce da tsoka tsohuwa ce a duniyar jita. Fernando Sor, makaɗin jita ɗan Sifaniya, a littafinsa na koyar da jita na 1830, ya ƙi jinin kaɗawa da farce, alhali abokinsa Dionisio Aguado da farce yake kaɗawa. A cikin manyan makaɗan jita da suka biyo bayansu, Francisco Tárrega ya yanke faratansa a ƙarshen rayuwarsa, sai Andrés Segovia ya zo ya kafa haɗa tsoka da farce har ya zama abin da makarantu ke koyarwa. Ni dai a taron Kirsimetin nan, na bayan majami'a ma sun ji kowace tsirkiya.

Wahalar ta fara ne a mako na uku. Farcen asali ya tsiro, rata ta buɗe a gindi, nauyin akrilik ya matsa gaba, kuma tsawon da muka sha wuya muka daidaita ya canza, sai na riƙa gogewa duk bayan kwana biyu. Na koma aka cike ratar, wanda ke nufin wani kuɗi da wata awa guda, kuma haka zai ci gaba duk mako biyu ko uku muddin ana son riƙe su. A mako na shida gefen na yatsan zobe ya ɗaga, ruwa ya riƙa shiga ƙarƙashi, na fara ganin wani ɗan kore-kore. Ƙwayar cuta ce da ke son danshi, kuma maganinta na farko shi ne a cire a bar wurin ya bushe, ba a ɗiga gam a rufe ba, kamar yadda wata daga cikin ma'aikatan shagon ta so yi. Akwai kuma abin da ba wanda ya gaya mini: farcen asali idan ya maƙale karyewa yake yi ya huta, akrilik kuwa ba ya karyewa da sauƙi, sai dai ya ja tsokar da ke ƙarƙashinsa. Ranar da manuniyata ta maƙale a hannun jarka, sai da na zauna a ƙasa.

Cirewar da asiton aka yi ta, wani ruwa mai narkar da akrilik, an jiƙa auduga an naɗe kowane yatsa da takardar alminiyom na kusan rabin awa. A wannan karon sun yi haƙuri, ba su ɓamɓare da ƙarfi ba. Abin da ya fito daga ƙarƙashi kuwa faratai ne sirara kamar ɓawon albasa, musamman manuniyar da na'urar ta ci, kuma sai da na yi kusan wata biyar kafin lafiyayyen farce ya maye gurbinsu gaba ɗaya.

Yawancin ɗaliban da nake koya wa jita Musulmi ne, kuma biyu daga cikinsu da suka ji sautin sun tambaye ni shagon. Na gaya musu abin da suka fi ni sani: akrilik da jel suna rufe farce ruf, ruwan alwala da na wanka ba ya kaiwa gare shi, ba kamar lalle ba wanda launi ne kawai yake bari, kuma ba abu ne da za a cire sau biyar a rana ba. Su na nuna musu 'yan mabugan da ake zurawa a yatsa a zare idan an gama, da zoben babban yatsa irin wanda makaɗin jitar nan na Amurka, Chet Atkins, ya shahara da shi. Makaɗin jitar nan na Mali, Ali Farka Touré, ma da babban yatsa da manuniya ya yi yawancin kiɗan da duniya ta san shi da shi.

Ga wanda ba shi da wannan uzuri, kuma farce ya karye masa ana saura kwanaki ya hau dandamali, shagon nan zai fisshe shi, da sharaɗin ya je da jitarsa, ya je da magagarinsa da almakashinsa, ya hana a kusanto shi da na'urar lantarki, ya kuma zaɓi ranar Talata ko Laraba da safe, lokacin da ba layin masu zuwa biki. Ni zan koma idan bukata ta taso, amma yatsa ɗaya za a yi wa, wanda ya karye, kuma a wajen yarinyar nan da ta tsaya ta saurari tsirkiya.