Tsohon Pi 3 ko laftof ta hannu don sabar gida?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko tsohon Pi 3 ɗinka (Raspberry Pi 3, 'yar ƙaramar kwamfutar nan da ba ta fi tafin hannu ba) zai isa sabar gida, wato kwamfutar da ke yi wa sauran na'urorin gida hidima, ko sai ka sayi laftof. Ciro shi daga durowa ka karkaɗe masa ƙura, ka bar maganar sayen laftof ta hannu.

Nawa Model B ne, irin wanda ya fito a 2016, RAM ɗinsa giga 1 kacal. Yana nan maƙale a bayan rauta, na sa masa tsarin aiki na Raspberry Pi OS Lite, wani nau'in Linux, wanda babu komai sai baƙin allo da rubutu. A kansa na koyi Linux, ina kwance ina shiga ta SSH (hanyar sarrafa kwamfuta daga nesa) daga wayata, in ɓata, in goge katin memorin da tsarin ke kai in sake. Abin da ya fi burge ni shi ne Kiwix, manhajar karanta Wikipedia da littattafai ba tare da intanet ba. Na sauke Wikipedia ta Hausa da wasu littattafai a kai, ƙannena suna karantawa ta wayoyinsu ba su taɓa data ba. Lokacin da ƙanwata ke shirin jarrabawa, har cewa ta yi kada in kuskura in kashe "ɗan akwatin nan". Ga manhajar Pi-hole tana tare tallace-tallacen intanet. Cin wutar Pi ɗin kuwa bai kai wat 5 ba, ɗan batirin solata yana kwana da shi ko an ɗauke wuta.

Yana da nasa rauni. Ramin Ethernet ɗinsa, inda ake jona kebul ɗin rauta, megabit 100 ne, kuma hanya ɗaya suke bi da USB, don haka kwafar babban fim sai ka yi haƙuri.

Laftof ta fi ƙarfi, ba musu. Wadda na saya dai batirinta ya kumbura cikin wata biyu, fankarta ta hana ni barci.

Ba ka tambaya ba, amma ka kula da masu sayar da katin memori. Za su ba ka mai tambarin giga 128, ciki ko 8 bai cika ba, sai fayilolinka su fara ɓacewa. Ka gwada katin da H2testw, manhajar auna ainihin girman kati, kafin ka yarda da shi. Caja ma haka: Pi 3 yana son bolt 5, amfiya 2.5, cajar waya ta banza kuwa sai ya yi ta kukan ƙarancin wuta har katin ya lalace.

Kuɗin laftof ɗin ka sayi caja ta gaske da kati biyu masu giga 32, ɗaya ka ajiye kwafin tsarin a ciki.