Kantin maganin Musulunci na unguwarmu: zumar ta yi, amma kantar baya sai an yi hattara

Duk wanda ke zaga Kano ya ga yadda kantunan maganin Musulunci suka yawaita, daga Kurna har Hotoro. Namu yana bakin titi, daf da masallacin Juma'ar unguwa, shago biyu ne aka fasa aka haɗe. Ba zan kama sunansa ba. Na daɗe ina ciniki a wurin, tun ina sayo wa mahaifiyata zuma har na koma sayo wa 'ya'yana.

Zumar ita ce ta riƙe ni. A garin nan samun zuma wadda ba a dafa sukari an zuba mata ba sai mai rabo, amma tasu tana da ƙamshin fure, ba ta kuma barin ɗanɗanon ƙonannen sukari a maƙogwaro. Ta fi ta kasuwa tsada, ban taɓa yin da-na-sanin kuɗina ba. Haka habbatus sauda da hulba da kanumfari da garin magarya, duk a tsabtace suke a cikin robobi masu murfi. Man zaitun ɗinsu dai ba yabo ba fallasa. Zamzam kuwa ba na saye. Saudiyya ba ta yarda a fitar da shi don kasuwanci ba, alhaji ma 'yar jarka ɗaya yake dawowa da ita, to jarkokin da ke jere a shago shekara ta zagayo ba sa ƙarewa, daga wace rijiya?

Malam mai kantin dattijo ne mai sanyin magana, kuma shi ne rabin abin da ake saye a wurin. Na sha ganin mace ta shigo a firgice, yaro ba ya barci ko miji ya daina cefane, ya sa a ba ta kujera, ya saurare ta har ta gama. Ba ya katse mutum. Wani lokaci ba ya sayar mata da komai, sai ya ce, “Hajiya, riƙe azkar na safe da yamma, yaron kuma a kai shi asibiti gobe, wannan zazzaɓi ne.” Ta fita hankalinta ya dawo jikinta. Wanda ya taɓa bin layin kati a Asibitin Murtala, inda likita ɗaya ke duba jama'a kamar ranar kasuwa, ya san darajar a zauna a saurare ka. Da azumi yana raba dabino ga matan da mazajensu suka rasu, yana da littafin bashi da ban taɓa jin ya aika wa kowa a kansa ba. Ya ce tsoron Allah ne ke hana shi algus, ni kuma na yarda, domin na gani a mudunsa.

Wani abin da ke burge ni, a kan bencin ƙofar nan ɗan ɗarika da ɗan Izala suke zama kafaɗa da kafaɗa. Wannan ya yarda da rubutun sha, wancan ya ce sai dai ruƙiyya, a masallaci ba lallai ɗaya ya bi ɗaya salla ba, amma ciwon baya ya haɗa su. Sukan yi musu, wani lokaci har murya ta ɗaga, Malam ya raba su da wasa.

Matsalar tana kantar baya, kuma tana fitowa ne idan Malam ba ya nan. Akwai jerin kwalaben roba da aka manna wa takarda, babu lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, babu ranar lalacewa, babu bayanin abin da ke ciki. Kwalba ɗaya an rubuta mata basir, sanyi, taifot, gyambon ciki, hawan jini, ciwon suga da ƙarfin maza, a sama kuma an ɗora hadisi da Larabci. Yaron shagon, matashi mai kaifin baki, idan ka tambaye shi me aka haɗa, sai ya ce, “Sirri ne, Alhaji, ai Sunna ce.” Ka ƙara tambaya, sai ya dube ka kamar imaninka ne da rauni. A nan ne nake jin zafi. A kemis kana iya cewa ba ka yarda da magani ba, babu wanda zai zarge ka. A nan kuwa mutum yana jin nauyin tambaya, don kada a ce yana ja da maganar Annabi. Alhali hadisin a kan habbatus sauda ya zo, bai zo a kan haɗin da wani ya dama a bayan gidansa ba.

Gwaggona mai ciwon suga ce. Yaron nan ya ce mata idan ta shanye kwalba uku za ta rabu da ƙwaya har abada, in dai ta sha da yaƙini. Ta ajiye maganin asibiti ba ta gaya wa kowa ba. Sai da ƙafa ta kumbura, ƙaramin ciwo a yatsa ya ƙi warkewa, sannan muka gane. An sha wahala kafin a ceci yatsan. Da na kai ƙara, Malam ya yi salati, ya yi wa yaron faɗa a gabana, ya je har gida ya duba ta, ya ce mata, “Hajiya, neman magani wurin likita ma umarnin Annabi ne.” Na ji daɗin haka. Sai dai kwalaben suna nan a kantar har yau, ina kuma zaton su ne ke biyan kuɗin haya.

Ɗakin ruƙiyya yana gefe, akwai labule, kuma ba a shiga da mace sai da muharraminta. Ba a duka, ba a shaƙa wa mutum hayaƙi, wanda ba ko'ina ake samun haka ba. Abin da ban so ba shi ne saurin yanke hukunci. Farfaɗiya aljanu, matar da ta haihu ta daina magana da cin abinci aljanu, saurayin da ƙwaya ta taɓa wa kai sammu. Daga an ce sammu kuma, sai a fara neman wanda ya yi, ido ya koma kan kishiya ko maƙwabciya, zumuncin shekaru ya watse a kan zato. Ga asibitin ƙwaƙwalwa a Dawanau, ga sashen ƙwaƙwalwa a Asibitin Malam Aminu Kano, amma ban taɓa jin mai ruƙiyyar ya ce a haɗa da can ba.

Mu Kanawa mun san ƙarfin maganar malami a kan lafiya. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a jihar nan bisa zargin an gurɓata shi don hana haihuwa, sai a 2004 aka dawo da shi, cutar kuma ta riga ta bazu har wasu ƙasashe. Tsoron yana da tushe, domin ba a manta gwajin maganin Pfizer na 1996 a kan yara masu sanƙarau ba. Amma malamai da sarakuna ne dai suka dawo suka shawo kan iyaye, har aka kai 2020 aka ce Afirka ta rabu da cutar ta asali. Irin wannan ƙarfin ne ke hannun yaron shagon nan, ɗan shekara ashirin da 'yan kai, kuma babu mai duba yadda yake amfani da shi.

Ana ƙaho a wurin ranar Litinin da Alhamis. Sabuwar reza suke buɗewa a gabanka, kofunan na roba ne, a yar bayan an gama, na fi natsuwa da su a kan na wanzamin da ke yawo da zabira. Suna rufewa lokacin kowace salla, bayan Juma'a kuma ba a samun wurin tsayawa. Mai son ya tarar da Malam da kansa ya je bayan La'asar, ya kuma riƙe tsabar kuɗi, don POS ɗinsu kullum cikin matsalar sabis yake.