Inkubetar renon sel: mai rigar ruwa ko mai hita?

Masu shirin haɗa ɗakin renon ƙwayoyin sel a nan Katsina, kafin ku tura ma dila kuɗin inkubeta, wato akwatin da ke riƙe sel a zafin da suke so, ku ɗan saurara. Sel irin su Vero da HeLa, waɗanda aka saba reno a ɗakin gwaji, digiri 37 suke so da iskar CO2 kashi 5, in sun samu haka za ka gansu a maikuroskof sun baje sun lafe a gindin filas. Zafin na sauka sai su fara dunƙulewa, in ya kai sanyin firij zaruruwan da ke riƙe surarsu daga ciki su warware, ka ɗan girgiza filas ka ga wasu sun saki suna yawo. Sanyi ma da sauƙi, galibi suna farfaɗowa. Zafi ne ba ya yafiya, in ya haura 40 ya jima to an gama.

Ni dai inkubeta mai rigar ruwa nake so, ban ɓoye ba. Ruwan da ke zagaye da jikinta yana riƙe zafi, an ɗauke wuta cikin daren hunturu mai janareto ya yi barci, ita a hankali take hucewa. Eh nauyi gare ta kamar me, kuma ranar farko sai ta kusa yini kafin ta daidaita, amma ɗaukewar wutar nan ta taɓa cinye min sel gaba ɗaya, don haka na yafe mata. Mai hita kai tsaye tana saurin komawa 37 in an buɗe ƙofa, sai dai haka take saurin hucewa, wannan ta masu inbata ce.

Ku sani dukansu ɗumamawa suke, ba sa sanyaya, ba sa aiki daidai sai ɗaki ya gaza 37 da 'yan digiri, ga Afrilun Katsina na wuce 40, ke nan kuɗin AC na cikin lissafi.

Sai 'yan damfara. Wani zai fesa ma tsohuwa fenti ya ce sabuwa ce fil, wani ta renon bakteriya zai miƙo maka, babu ko wurin jona silindar gas ɗin CO2. Kada ka yarda da lambar da ke kan allo wallahi, saka tamomitarka ciki a kunna ta kwana, ka duba shelf na sama da na ƙasa. Shafa robar ƙofa ko ta tsage, leƙa tiren ruwa ko da tsatsa. In ruwan renon da sel ke ciki a filas ya koma shuɗi-ja maimakon ja, gas ba ya isa, ko sensa ta mutu. Dilan da ya ce sai an biya za a gwada, ce masa Alhaji a sha kasuwa.