Sandar injin casa da aka fere mini a Birnin Kebbi: aiki ya yi, alkawari ne bai cika ba

Wata huɗu ke nan da na ɗaura sabuwar sanda a injin casar shinkafata, kuma tun ranar ban sake sayen boris ba, wato zoben nan mai ƙwallaye da sandar ke juyawa a cikinsa. Abokan sana'a biyu sun riga sun tambaye ni ko wurin da aka fere mini ita ya cancanci kuɗin mota daga Argungu zuwa Birnin Kebbi, shi ya sa na ga gara in rubuta amsar sau ɗaya kowa ya karanta. Ba zan kama sunan shagon ba. Akwai yabo a maganata, akwai kuma ƙorafi, mai shagon kuwa dattijo ne da nake jin nauyinsa.

Injina ƙarami ne, ba irin na WACOT da ke nan garinmu ko na Labana da ke Birnin Kebbi ba. Masu kawo mini aiki yawanci mata ne masu turara shinkafa, wannan buhu ɗaya, waccan rabin buhu. Amma tun da aka ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi a 2015, shanshera ta yawaita a hannun mutane, har ya zama idan an yanke ta rani injin ba ya hutawa daga hantsi zuwa isha'i. A irin wannan lokacin ne sandar da ke juya cikin injin ta cinye a daidai mazaunin boris, ta ɓangaren da bel yake ja. Boris ya riƙa rawa a kanta.

Na fara da maganin kusa. Wani mai walda ya bi wurin da ƙusa da guduma ya yi masa ɗigo-ɗigo don ya kumbura, ya yanko gwangwanin madara ya naɗa, muka buga boris ya shiga da ƙyar. Kwana tara ya yi. Da muka koma, sai ya cika wurin da walda ya goge da injin wasa na hannu, yana gwadawa da ido. Ban ga laifinsa sosai ba, iyakar kayan aikinsa ke nan, kuma ni na matsa masa. Sai dai cikin mako shida na ci boris uku, injin na kuka kamar an taka kare, bel na tsalle, shinkafa na fita a kakkarye. Ranar da wata tsohuwa ta damƙo ta a tafin hannu ta ce, "Alhaji, shinkahwa na kawo maka ko tsakin kaji?" a ranar na kashe injin na kwance sandar.

Ɗan yayata, wanda ya karanta aikin injiniya a kwalejin fasaha ta Waziri Umaru, shi ya ce, "Kawu, ka daina wahalar da kanka da walda, mu kai ta inda za a fere sabuwa a kan inji." Shi ya raka ni.

Shagon bai kai ɗakin kwana biyu ba. Ƙasa ta yi baƙi da mai, ɓawon ƙarfe a murɗe ya taru a kusurwa kamar gashin da aka aske. A tsakiya akwai tsohon injin fere ƙarfe ƙirar Colchester ta Ingila, fentinsa ya goge ko'ina sai inda hannu ba ya kaiwa. Amma hanyar da abin riƙe wuƙa ke zamewa a kanta tana ƙyalli, an shafe ta da mai, babu ko ƙura. Wannan ne abu na farko da ya kwantar mini da hankali.

Baba, haka kowa ke kiransa, bai ce komai ba sai da ya ɗaure tsohuwar sandar a bakin injin, ya kafa wani ɗan agogon awo mai allura a jikinta, ya juya da hannu a hankali. Allurar ta tafi ta dawo, ta tafi ta dawo. Ya ce, "Alhaji, wagga sanda ta sha wuta hal ta tanƙware. Ko boris na zinari ka sa mata, ci za ta yi." Karkacewar ta kusa milimita ɗaya. Da ido ba ka ganinta, amma a abin da ke juyi ɗaruruwa cikin minti guda, kowane juyi duka ne a kan boris. Zafin walda a gefe ɗaya ne ya ja ƙarfen, wurin da aka cika kuma bai fita da'ira ba.

Sai maganar ƙarfen da za a yi sabuwar da shi. Na tambaya ko rodi mai kauri zai yi, don na ga yana da araha. Ya dube ni kamar na yi saɓo. Ya ɗauko guntaye biyu ya kanga kowanne a dutsen wasa. Na farko ya zubo da tartsatsi dogaye marasa reshe. Na biyu tartsatsinsa na fashewa a ƙarshe kamar furen wuta. Ya ce na biyun ne ƙarfen sanda. Ɗan yayata ya ƙara mini bayani cewa yawan sinadarin kabon ne ke kawo wannan fashewar: ƙarfe mai laushi bai kai kashi 0.25 cikin 100 ba, wanda ake yin sanda da shi kuwa yana wajen 0.45. Akwai masu amfani da tsohuwar sandar ƙafar babbar mota, ƙarfe ne mai kyau, amma Baba ya ce fatarta an gasa ta ta yi tauri, tana cin wuƙa kafin a kai ga naman. Muka tsaya kan sabon ƙarfe mai kaurin milimita 45.

Na zauna a kan benci na kalli aikin, ba don na iya ba, sai don kuɗina ne a ciki. Ya gyara fuskar ƙarfen, ya huda ɗan rami a tsakiyarta, ya tokare ta da wani tsini daga ɗaya ƙarshen injin, don doguwar sanda idan aka riƙe ta a gefe ɗaya kawai gudun wuƙa take yi, ƙarshen da ba a riƙe ba ya fita da kauri. Daga nan ya fara cin farko. Abu uku na ga yana wasa da su: saurin juyin ƙarfen, zurfin da wuƙa ke shiga, da yadda take tafiya a tsawon sandar. Ba ya duba takarda. Ɓawon da ke fita yake kallo. Da farko ya fito fari, sai ya koma ruwan kara, can ya soma yin shuɗi yana hayaƙi. Ya ce da wuƙar da aka liƙa wa haƙorin kabaid, wani abu mai tsananin tauri da jure zafi, shuɗi ba laifi ba ne, alama ce zafin yana tafiya da ɓawon bai zauna a sandar ba. Amma da wuƙar ƙarfe zalla, wadda yake wasawa da kansa a dutse, da zarar ɓawo ya yi shuɗi to bakinta ya kusa mutuwa.

Ɗan yayata ya zaro waya ya buga lissafi. Wuƙar ƙarfe zalla tana son fatar ƙarfen ta wuce ta da saurin kamar mita 30 a minti, wanda a kaurin milimita 45 ya kama juyi 200 da ɗan ɗoriya. Kabaid na ɗaukar ninki uku ko fiye. Ya leƙa inda Baba ya saita injin, ya ga bai yi nisa da lissafin ba. Sai ya shiga ba mu labarin wani injiniyan Amurka, Frederick Taylor, wanda ya shafe shekara 26 yana yankan ƙarfe don gwaji kawai, daga ƙarshe ya tabbatar cewa a cikin ukun nan sauri ne ya fi cinye wuƙa. Baba ya yi dariya ya ce shi mari biyu maigidansa ya yi masa ya gane haka.

Can tsakiyar sandar injin ya fara wani kuka siriri, fatar ƙarfen ta fito da zane-zane kamar bayan kifi. Baba bai jira ba, ya tsayar, ya kawo wani abin tallafi mai yatsu uku ya rungume sandar a tsakiya, ya rage sauri. Kukan ya ɗauke. Wani yaron da ke koyo zai iya barin ta haka ya ce sanfefa za ta gyara.

Inda na san kuɗina bai tafi a banza ba shi ne mazaunin boris. Boris ɗina mai lamba 6207 ne, raminsa milimita 35. Ni a tunanina sai a fere sanda ta zama 35 a wuce wurin. Ashe ana son ta ɗara 35 da ɗan abin da bai kai kashi 2 cikin 100 na milimita ba, yadda boris zai kama ta ƙam ba tare da an shaƙe shi ba. Silin gashi ɗaya ya ninka wannan tazarar kamar sau uku. Idan ta gaza, boris ya yi ta zamewa yana cin sanda, wato ciwon da ya kawo ni. Idan ta wuce, ya matse ƙwallayen ciki su yi zafi su ƙone. Da ya rage saura kaɗan, sai Baba ya kashe injin ya tafi alwala. Na ɗauka yanga ce, har na fara duba agogo. Da ya dawo ya taɓa sandar da bayan hannu, ya ce sai ta huce. Ƙarfe mai zafi kumbura yake yi. Sanda mai kaurin 35 idan zafinta ya ƙaru da digiri 50, kumburin kaɗai ya kai wannan kashi 2 ɗin da ake ta lallaɓawa. Wanda ya auna ta da zafi ya ce ta yi daidai, idan ta huce sai ya tarar ta rame.

Ma'aunin da ya yi ta amfani da shi tun safe, mai baki kamar na kada, ya ajiye shi gefe. Ya buɗe wani ɗan akwati da ke naɗe cikin tsumma ya ciro maikuromita, ma'aunin da ke gane bambancin da bai kai silin gashi ba, ya goge bakinta da takarda, ya rufe ta ya tabbatar tana kan sifiri. Ya ci kaɗan, ya auna. Ya sake ci, abin da ya fita kamar ƙura, ya auna a wuri uku. Ta tsaya a 35.01. Boris kuma bai yarda a buga shi da guduma ba. Ya jiƙa shi cikin mai mai zafi, ba mai tafasa ba, ya ɗauko da tsumma ya zura, ya zauna da ɗan ƙara "ƙas", bayan minti biyu ko da hannu biyu ba ka motsa shi.

To, ga inda aka ɓata mini rai. Duk wannan da na faɗa ba a yini ɗaya ya faru ba. An ce mini kwana biyu, sai da na yi biyar, zuwa uku daga Argungu, alhali mata na ta kai shinkafarsu wani injin. Ranar farko wuta ta ɗauke da azahar. Janaretan shagon babba ne, ba a tayar da shi sai aiki ya taru, kuma kuɗin mansa daban ne, abin da ba a gaya mini ba lokacin ciniki. Rana ta biyu na tarar an sauke sandata an ɗora aikin wani mai tirela da ya fi ni baki. Baba ba ya ɗaga waya idan yana kan inji, wannan na fahimta, amma ba ya kira daga baya.

Sannan gurbin ki, wato ramin da ake cusa ɗan guntun ƙarfen da ke kulle fule (faifan da bel ke ja) a jikin sanda. Ba su da injin yanka shi a shagon, sai suka aika wani wuri. Sanda mai kaurin 35 ki mai faɗin milimita 10 take ɗauka. Gurbin ya dawo a matse, gefensa ɗaya da kaushi, sai da yaron shago ya yi kusan awa guda da magagari kafin ki ya zauna. Ya zauna, amma ba aikin da ya dace da sauran sandar ba ne, kuma da an gaya mini tun farko cewa wani hannu zai taɓa ta, da na tambayi ko na wane ne.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yaran. Babu mai tabarau a cikinsu. Na ga ɗaya yana janye ɓawon ƙarfe da yatsu injin na juyawa, ɓawon nan kuwa reza ne, ga hannun rigarsa na reto kusa da bakin injin. Na yi magana, Baba ya daka masa tsawa ya miƙa masa wata ƙugiya da aka tanada don haka. Bayan rabin awa na sake ganin yatsun a wurin. Mutumin da ke naɗe ma'auninsa cikin tsumma kamar jariri, ya kamata idon almajirinsa ma ya samu wannan gatan.

Kuɗi kuwa, da ƙarfe da aiki da man janareta, ya kusa ninki uku na abin da na biya mai walda. Rasit babu. Amma idan na haɗa boris ukun da na binne da bel ɗaya da ya tsinke, walda ta fi tsada tun kafin a zo maganar kwanakin da injin ya yi a kwance.

Yanzu idan injin ya yi awa uku yana aiki ina ɗora tafin hannu a gidan boris, ɗumi kawai nake ji. Tsohuwar nan ta dawo da buhunta, ba ta ce komai ba, wanda a wurinta yabo ne. Ramin fulen ya fara faɗi, shi ma sai an yi masa zobe a ciki. Wurin Baba zan kai shi, amma sai an gama casar damina, kuma zan tafi da jarkar gas ɗina, in ce masa a gabana za a yanka gurbin ki.