Shekara biyu da slurmdbd, da safiyar da ya ƙi tashi

Ina kula da wani ɗan ƙaramin gungun kwamfutoci a ɗakin bincike a Samaru, inda ɗaliban digiri na biyu da na uku ke turo ayyukan lissafi masu cin kwana da kwanaki. Slurm muke amfani da shi wajen raba layi, manhajar da aka faro a ɗakin binciken Lawrence Livermore na Amurka, kuma kyauta ce. Ɓangarensa da nake son yin magana a kai shi ne slurmdbd, magatakardan da ke rubuta wanda ya yi aiki, da sa'o'in da ya ci, ya adana a MariaDB, manhajar rumbun bayanai. Da wannan kundin muke raba gardama idan wani ya ce an danne masa haƙƙi a layi.

Shekara biyu bai taɓa sa ni ciwon kai ba, sai wani dare cikin damina da aka yi iska mai ƙarfi, wuta ta ɗauke, batiran inbata suka ƙare kafin asuba. Da safe aka tayar da janareta, komai ya dawo, ban da shi. Na buga systemctl status, umarnin duba halin da manhaja ke ciki, ya ce slurmdbd ya mutu. Ko kujera ban gama gyarawa ba wata ɗaliba ta leƙo, idonta duk ya yi ja. "Malam, sacct ba ya nuna komai. Aikina na kwana tara ya tafi ke nan?" Sacct shi ne umarnin da ke nuna abin da ke cikin kundin. Na ce ta yi haƙuri ta ba ni zuwa azahar.

Shawarata ta farko ga duk wanda ya tsinci kansa a nan: ka daina maimaita umarnin tayarwa kana fatan sa'a. Ka kunna shi da hannu, slurmdbd -D -vvv, ya tsaya a gabanka yana faɗin abin da ke damunsa layi bayan layi. Ina yin haka ya ce fayil ɗin slurmdbd.conf yana da izini 644, wato kowa na iya karanta shi, shi kuwa 600 yake so, wato mai fayil ɗin kaɗai, kuma mai fayil ɗin ya zama asusun da Slurm ke aiki da shi. Yana da hujja, domin kalmar sirrin rumbun bayanai a ciki take. Ashe watanni baya ɗan bautar ƙasar da ke taya ni aiki ya kwafo fayil ɗin daga ajiya, izinin ya canza, ba wanda ya lura tunda manhajar tana ta gudu ba a sake kunna ta ba. "Oga, wallahi ban san zai taɓa izinin ba," in ji shi. Na yarda da shi, kuma gyaran bai ci minti ɗaya ba.

Cikas na biyu ya wuce da sauri. MariaDB tana gyara kanta bayan kashewar ba-zata, slurmdbd ya riga ta isowa bai samu kowa ba. Jerin a bayyane yake: munge, mai tantance shaida tsakanin na'urori, sannan MariaDB, sannan slurmdbd, sannan slurmctld, mai raba ayyukan. Na rubuta wa systemd, mai tayar da manhajoji idan an kunna kwamfuta, wannan jerin.

Na uku shi ne ya cinye mini yini. Manhajar ta tashi, tana sauraro a ƙofarta mai lamba 6819, amma ita da slurmctld sun ƙi gaisawa. Na kwatanta munge.key, mabuɗin sirrin munge, na kwamfutar rumbun da na babbar kwamfutar, iri ɗaya ne. Na duba bangon tsaro, ƙofa a buɗe. Saƙon da munge ke ta maimaitawa yana nufin takardar shaidar da aka miƙo masa ta fito daga lokacin da bai zo ba tukuna. Sai da na dawo daga sallar azahar na buga date a kan kwamfutar rumbun, na ga agogonta ya koma shekaru baya. Munge yana buga lokaci a kan kowace shaida, wa'adinta daƙiƙa 300 ne idan ba a canza ba, don haka agogo biyu da suka saɓa ba za su taɓa amincewa da juna ba. Na buɗe murfin kwamfutar, ga ɗan batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, ƙura ta lulluɓe shi, ya mutu murus. Intanet ɗinmu kuma bai dawo ba, balle chrony, mai saita lokaci ta intanet, ya daidaita agogon. Na saita lokacin da hannu, na aiki ɗan bautar ƙasar zuwa Sabon Gari ya sayo sabbin batira na dukkan na'urorin.

Abin da ya sa nake yaba wannan manhaja da zuciya ɗaya ya faru ne bayan nan. Duk tsawon lokacin da magatakarda ba ya nan, slurmctld bai tsayar da aikin kowa ba, yana ta tara bayanan a wurinsa. Na buga sdiag, umarnin da ke nuna halin slurmctld, na zuba ido a kan layin saƙonnin da ke jira, adadin yana sauka har ya kai sifili. Ajiyar tana da iyaka, saitin MaxDBDMsgs ke ƙayyade ta, saboda haka kada a bar slurmdbd a kwance kwanaki. Mu dai ko layi ɗaya bai salwanta ba.

Mutum ɗaya mai kula da na'urori goma zai ji nauyin haɗa slurmdbd da farko, musamman idan bai saba da rumbun bayanai ba. Duk da haka ba zan kafa gungu a Zariya ba sai da shi, kuma yanzu na sa babbar kwamfutar ta zama agogon sauran, ko da intanet ko babu. Da la'asar na kira ɗalibar, na juya mata allon. Aikinta ya kammala tun ƙarfe ɗaya na dare, kafin batira su ƙare, ga sa'o'insa a rubuce. Ta ce, "Alhamdulillahi. Allah ya saka da alheri, Malam," ta fita tana kiran mai duba aikinta a waya.