Google Docs da baƙaƙe masu lanƙwasa: abin da ke fita a takarda

Ga malamai da ɗalibai masu haɗa hannu kan takarda ɗaya, wani yana Birnin Kebbi, wani Argungu, wani Zuru, Google Docs ya sauƙaƙa aiki ƙwarai. Kowa na gyara nasa ɓangaren, ba a yawo da filashi. Sai dai idan takardar ta haɗa Hausa da Turanci, ko Fulatanci, ko ajami, ba a gane ingancin aikin sai an sauke fayil an kai shi shagon buga takardu.

Babban naƙasunsa dai shi ne ba ya karɓar fon, wato salon zanen haruffa, daga waje. Ko kana da fon ɗin da sashenku ya saba aiki da shi a kwamfuta, ba ka da hanyar ɗora shi. Abin da ke rumbun Google Fonts kawai za ka zaɓa: ka danna sunan fon a saman shafi, ka shiga More fonts, ka rubuta sunan wanda kake so. A kwamfuta ake yin wannan, manhajar waya ba ta ba da damar ƙarawa. Mai rubutu a waya sai wani ya fara shirya masa takardar.

Rumbun yana da faɗi, amma da yawa daga fon ɗinsa, musamman na ado, ba a zana musu ɓ, ɗ, ƙ ba, balle ƴ da ŋ na Fulatanci. Idan harafi ya rasa, Docs ba ya gargaɗi. Yakan aro harafin nan ɗaya daga wani fon ya cusa. Shi ya sa za ka ga kalmar "ƙasa" an rubuta ta da kauri, amma ƙ ɗin siriri ne, ko ya ɗan fi sauran tsawo kamar baƙo a sahu. A allon waya ba a cika lura ba. A katin gayyata ko bangon kundin digiri kuwa, yana tsone ido. Noto Sans, Noto Serif, Andika da Charis SIL duk suna ɗauke da waɗannan baƙaƙen, ƙanana da manya. Kafin ka fara aiki, rubuta layi ɗaya kamar "Ɓarawo ya ɗauki Ƙur'anin Ɗanladi", ka mai da shi mai kauri, sannan mai karkata, ka ƙara girmansa zuwa 36 ka duba. Manyan baƙaƙen ne suka fi tona asirin fon.

Wajen saukewa ne ake yawan tafka asara. PDF yana tafiya da zanen haruffan a cikinsa, don haka yadda ka gan shi haka zai fito a kowace na'ura. Fayil ɗin Word da Docs ke fitarwa kuwa ba a kowace kwamfuta fon ɗinsa ke fitowa daidai ba. Idan kwamfutar mai shago ba ta da Andika, Word na iya musanya shi da abin da ya samu, layuka su goce, shafi 40 ya koma 43, teburin da ke shafi guda ya tsage biyu. Wani lokaci ma akwatuna marasa komai ke bayyana a gurbin harafin. In dole ne a miƙa Word, a sauke fon ɗin daga Google Fonts, kyauta ne, a girka shi a kwamfutar shagon kafin a buɗe fayil. PDF ɗin ma ana iya tantance shi: a Adobe Reader, File, sai Properties, sai Fonts, kowane suna ya kamata a ga Embedded a gefensa.

Tsofaffin takardu matsalarsu daban ce. Waɗanda aka buga da fon na da, irin su Rabi'at, ba ainihin ƙ ke ciki ba, wata alama ce aka yi wa zanen ƙ. Da an ɗora su a Docs sai "ƙasa" ta koma "}asa", "ɗaya" ta koma "]aya", "ɓata" ta koma "~ata". Sauya fon ba ya warkar da wannan. A danna Ctrl da H, a maye kowace alama da harafinta na gaskiya, ɗaya bayan ɗaya, tare da lura da inda aka yi amfani da baka ta ainihi don kada ita ma ta tafi.

Masu ajami su nemi fon ɗin Harmattan, wanda ƙungiyar nazarin harsuna ta SIL ta zana don rubutun Afirka ta Yamma. Yana da fa mai ɗigo a ƙasa da ƙaf mai ɗigo ɗaya irin na Warshu, da ɗigon imala na wasalin e. Sai a kunna maɓallan rubutun dama zuwa hagu a Settings na shafin farko na Docs, in ba haka ba aya da waƙafi sukan koma ƙarshen da ba nasu ba, musamman a layin da ya haɗa boko da ajami.

A rubutun haɗin gwiwa Docs yana biyan buƙata, kuma kyauta ne ga mai asusun Gmail. Aikin da aka wajabta masa wani fon na musamman, kamar littafin da maɗaba'a za ta tsara, gara a gama rubutun a Docs a kwashe shi zuwa Word ko LibreOffice a yi tsarin shafi a can.