Sharhi kan jamovi wajen duba sharuɗɗan rigireshan

Da manhajar jamovi na yi lissafin binciken digirina na biyu, kan yadda yawan taki da girman gona ke shafar amfanin masara. Kyauta ce, a kan R, harshen kwamfuta na lissafin ƙididdiga, aka gina ta, kuma tana buɗe fayil ɗin SPSS da na Excel ba gardama. Ga ɗalibin da ba shi da kuɗin lasisi, wannan kaɗai ya isa dalili.

Abin da ya fi burge ni shi ne sashen Assumption Checks, wato duba sharuɗɗan da ya kamata alƙaluma su cika, da ke cikin Linear Regression, wato rigireshan, lissafin da ke auna yadda wasu abubuwa ke shafar wani. Yawancinmu mun saba mu zuba alƙaluma, mu kwashi R² (kason da lissafin ya iya bayyanawa) da p (ma'aunin ko dace kawai zai iya haifar da sakamakon), sai babi na biyar. A nan kuwa sharuɗɗan na jere a gabanka, kana danna akwati sakamako na fitowa a hannun dama. Sakamakon gwajin Durbin-Watson na tsakanin 0 da 4 ne, idan ya kusanci 2 to kura-kuran hasashen ba sa bin sawun juna. VIF kuma yana tona asiri idan abubuwa biyu da kake hasashe da su labari ɗaya suke maimaitawa. Ana fara zargi idan ya haura 10, wasu tun daga 5.

Inda na fi daɗewa shi ne zanen ragowa, wato ratar da ke tsakanin abin da lissafi ya hango da abin da manomi ya girba. Ɗigogin ƙananan gonaki sun taru wuri ɗaya, na manya suka watsu, zanen ya buɗe baki kamar mazurari. Gwajin Shapiro-Wilk, mai duba ko ragowar ta rarrabu yadda ake tsammani (normal), ba ruwansa da wannan matsalar, ido ne ya kama ta. Da na mayar da amfanin gonar zuwa logaridim, sai ɗigogin suka bazu daidai daga farko har ƙarshe.

Gwajin Breusch-Pagan, wanda zai tabbatar da abin da idon ya gani, ba ya zuwa tare da jamovi. Sai ka sauko da ƙarin manhajar moretests daga laburarenta, kuma hakan na buƙatar data. Sannan jamovi ba za ta fassara maka komai ba. Idan bayananka na da yawa, Shapiro-Wilk kan yi ƙorafi kan karkacewar da ba ta taka kara ta karya ba, don haka a haɗa da zanen Q-Q, mai nuna wa ido girman karkacewar, kafin a yanke hukunci.

Teburanta a tsarin APA, wato salon tsara rubutun bincike, suke fitowa, na kwafe su zuwa Word, malamin da ke duba aikina bai ce a sake ko ɗaya ba.